Yadda Ake Zaɓen Tabarmar Soso Don Jariri

Yaro yakan fara zama yana da kamar wata 6. Bayan wata biyu ko uku sai ya shiga rarrafe. A wannan lokaci ƙasa ce wurin wasansa, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa, baki zai kai shi. Idan akwai kashin kaji ko na awaki a tsakar gida, ta nan gudawa da tsutsar ciki suke samun hanya. Shi ya sa iyaye da yawa suke sayo wa yaro tabarmar soso a kasuwa. Sai dai yawancin masu saye laushi da launi kawai suke dubawa, alhali kuwa wadda ta fi laushi ita ce ta fi haɗari.

Soso iri biyu ne

Akwai soson da ake yin katifa da kujera. Yana da ƙananan ramuka a buɗe, saboda haka yana shan ruwa. Idan yaro ya yi fitsari ko tumbiɗi a kai, sai ya shige ciki ya zauna. Bayan 'yan kwanaki ya fara wari da fumfuna.

Akwai kuma soso mai tauri, irin wanda ake yin takalmin silifa. Ramukansa a rufe suke, ruwa ba ya shiga. Shi ne ya dace da zama da rarrafe, domin da tsumma da sabulu ake goge shi. Wanda bai samu irin wannan ba, ya nemi mai riga ta leda mai kauri, wadda aka ɗinke ta ko'ina.

Gwaji biyar kafin a biya kuɗi

1. A danna da babban yatsa. Tabarma mai kyau ba ta lotsawa sosai, kuma da an ɗaga yatsa za ta koma yadda take. Kaurin yatsa ɗaya ya isa ya kare kan yaro daga daɓe ko siminti.

2. A karta da farce. Idan tana marmashewa, yaro zai gutsura da haƙori ya haɗiye.

3. A ɗiga ruwa kaɗan. Ya kamata ruwan ya tsaya a sama, kada ya nutse.

4. A goga farin ƙyalle mai danshi. Idan launi ya biyo ƙyallen, to zai bi bakin yaro.

5. A shinshina. Wari mai hawa kai alama ce ta cewa sinadaran da aka yi ta da su suna fita.

Idan kayan na Nijeriya ne, a duba ko akwai tambarin NIS. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, ita ce take ba da shi.

Tabarma mai haruffa

A wasu kasuwanni ana sayar da wata iri mai gutsattsari da ake sarƙawa, mai haruffa da lambobi da ake cirewa. Tana da ban sha'awa, amma ƙananan gutsattsarin suna iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a nema masa falle ɗaya, ko a kwashe duk abin da zai iya shiga bakinsa.

A shekarar 2010 ƙasashen Beljiyam da Faransa sun dakatar da sayar da irin wannan tabarma, saboda an sami wani sinadari mai suna fomamid a cikinta, wanda yake iya cutar da mai shaƙarsa. Daga baya Tarayyar Turai ta kafa doka a kan iyakar abin da aka yarda ya kasance a ciki. Saboda haka kowace sabuwar tabarma, a shanya ta a inuwa inda iska take kaɗawa na 'yan kwanaki, har warin ya fita, kafin a ɗora yaro.

Tabarmar wasa ba wurin barci ba ce

Jariri ba ya iya ɗaga kansa da sauri. Idan ya kifa fuska a kan abu mai laushi, hanci da baki sukan toshe, numfashi ya tsaya ba tare da an ji kukansa ba. A kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, cikin gidan sauro. A 1994 aka fara gangamin koya wa iyaye haka a Amurka, kuma mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi. Rub-da-ciki yana ƙarfafa wuyan yaro, amma sai idonsa biyu, kuma babba yana kusa.

Soso da wuta ba sa shiri

Soso yana kamawa da wuta nan da nan, yana narkewa ya manne a fata, hayaƙinsa kuma guba ne. A nisanta tabarmar daga murhu, da fitila, da maganin sauro na kunnawa. A ƙara kula lokacin hunturu, sa'ad da ake shiga da kaskon garwashi ɗaki.

Yadda za ta daɗe

A goge ta kullum da ruwa da sabulu, a bar ta ta bushe a inuwa. Zafin rana yana sa soso ya tsattsage. A ɗaga ta kowace safiya a share ƙarƙashinta, domin kunama da cinnaku suna son irin wannan wuri. Da ta fara ɓarewa, a daina ɗora yaro a kai.

Araha ba ta ado. Maigidan da bai sami mai kyau ba, kada ya sayi marar kyau don kwalliya. Tabarmar kaba mai tsabta, da zane mai kauri da ake wankewa, ta fi soson da yake marmashewa.