Kajin Gasa Da Kajin Gida: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

Mai karatu, a ƙasashen Turawa akwai masu kiwon kaji waɗanda ba ƙwai suke nema ba, ba kuma nama ba. Burinsu kawai su kai kaza wurin baje koli, alƙalai su duba ta, su ba ta lambar yabo. Tun a shekarar 1865 aka buga littafin farko na ƙa'idojin siffar kajin gasa a Ingila. A Amurka kuwa an kafa ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa a 1873, ta fitar da nata littafin a 1874. A ciki aka fayyace nauyin kowane iri, da launin gashinsa, da fasalin zankonsa.

Mu da muke nazarin harshe mun san halin rubutacciyar ƙa'ida. Tana kare abu daga ɓacewa, amma abin da ta iya aunawa kaɗai take karewa. Alƙalin gasa yana ganin kaza na 'yan mintoci ne, ba shi da hanyar sanin ƙwan da za ta saka a shekara, ko juriyarta ga cuta.

Tarihin kazar Orpington ya isa misali. Wani makiyayi mai suna William Cook ne ya samar da ita a yankin Kent a 1886, domin ƙwai da nama. Da ta faɗa hannun masu gasa, sai suka riƙa zaɓen masu tulin gashi da girman jiki, har ta zama abin kallo, ƙwanta kuwa ya ja baya. Amma waɗanda aka kai Ostireliya, yawan ƙwai aka bi wajen zaɓensu, daga nan aka sami irin da ake kira Australorp. A gwajin 1922 zuwa 1923, kaji shida na wannan iri sun saka ƙwai 1,857 cikin shekara guda. Tushe ɗaya, amma kowa abin da ya shuka ya girba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ciniki. Mai kiwon gasa kan ƙyanƙyashe 'yan tsaki da yawa, ya ware kaɗan da suka dace da ƙa'ida, ragowar ya sayar wa masu akurki a bayan gida. Su kuwa dakwalwa suke so mai lafiya da yawan ƙwai. Suna saye ne da sunan iri, alhali sunan bai tabbatar musu da komai ba.

Ba na cewa masu gasa ba su da rana. Da ba don su ba, da manyan gonakin kasuwanci sun shafe tsofaffin ire-iren kaji da dama. Abin da nake cewa shi ne, wajibi ne mai sayarwa ya faɗi abin da ya kiwata kazarsa dominsa.

Darasin ya shafe mu. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, a Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar da Shika Brown ne domin ƙwai da jure zafinmu. Wannan ma'auni ya kamata mai kiwo ya riƙe. Kafin ka biya kuɗi, tambayi ƙwai nawa uwar ta saka, kuma a wane yanayi ta rayu.