Yadda kwalejin fasaha ke kai ɗaliban ƙetare masana'antun Kano

A Amurka, ɗalibai da dama daga ƙasashen waje kan fara da kwalejojin al'umma na shekara biyu saboda sauƙin kuɗi, daga baya su wuce jami'a. A Kano, kwalejin fasaha ce ta fi kusa da wannan tsari.

Ɗalibin da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ya samu gurbi a Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano zai iya kammala difloma ta ƙasa, wato ND, cikin shekara biyu. Hausarsa ta ishe shi cefane da neman ɗakin haya. Darasi da jarrabawa kuwa da Turanci ake yi, don haka wanda ya yi sakandare da Faransanci sai ya dage.

Babbar ribar tana wajen aji. Shirin SIWES, wanda asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973, yana tura ɗalibai sanin makamar aiki na wata huɗu. A majemun fata na Challawa da kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai, ɗalibi yakan koyi gyaran inji da haɗa wayoyin lantarki, sana'ar da zai koma gida da ita.

Mai ND zai iya yin shekara guda a masana'anta ya dawo HND. Idan sakamakonsa ya yi kyau kuma, zai iya shiga jami'a daga aji biyu.

Sai dai ƙarancin wuta da tsadar man dizal sun durƙusar da masana'antu da yawa, guraben horo sun ragu. Wanda bai nema da wuri ba yakan ƙare a ofis, yana cike takardu.