Amfani da Na'urar Hura Iska Bayan Tiyatar Magudanar Hawaye

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana matsalar da kan taso idan mai fama da ɗaukewar numfashi cikin barci ya bukaci tiyatar magudanar hawaye. Kowane daga cikin magungunan biyu yana da amfani, amma haɗuwarsu kan jefa majiyyaci cikin halin gaba kura baya sayaki.

2.0 Ciwon da Na'urarsa

Ciwon yakan faru ne idan naman maƙogwaro ya saki cikin barci ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare guda. Alamominsa su ne minshari mai ƙarfi da gyangyaɗin rana. Idan aka yi sakaci da shi, yakan jawo hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 1981 Colin Sullivan na Jami'ar Sidni ta Ostareliya ya fito da na'urar da ke hura iska ta hanci ba yankewa, don maƙogwaro ya zauna a buɗe.

3.0 Tiyatar

Hawaye kan taru a wata 'yar jaka da ke gefen karan hanci, su gangara ta magudana zuwa cikin hanci. A bakin magudanar akwai wani tantani mai hana iska komawa sama. Idan magudanar ta toshe, likita yakan huda ƙashi ya haɗa jakar da hanci kai tsaye, dabarar da Addeo Toti na Italiya ya bayyana a 1904. Ke nan sabuwar hanyar ta kauce wa wannan tantani.

4.0 Inda Gizo ke Saƙar

Da zarar an kunna na'urar, iska tana iya bin sabuwar ƙofar ta fito ta kusurwar ido, ta busar da shi, ya yi ja yana raɗaɗi. Kafin rauni ya warke kuwa, tana iya kutsawa ƙarƙashin fata ta kumbura fatar ido, ko ta tayar da zubar jini.

5.0 Mafita

Wajibi ne majiyyaci ya sanar da likitan ido cewa yana amfani da na'urar tun kafin tiyata. Likitan ido da na barci su ne za su tsayar da kwanakin da zai dakata, gwargwadon tsananin ciwonsa. A lokacin ya guji fyace majina, ya riƙa kwanciyar gefe da kai a ɗage. In ya koma kan na'urar iska ta ci gaba da fita, ana iya rage ƙarfinta, ko a sa man ido da dare, ko a sauya masa takunkumi mai rufe fuska har da idanu, wanda ke daidaita ƙarfin iskar ciki da ta waje.

6.0 Kammalawa

Babban haɗari shi ne majiyyaci ya jingine na'urar da kansa saboda damuwar ido, ya ceci ido ya bar zuciya cikin wahala. Shawara tun kafin a shiga ɗakin tiyata ita ce ke tsare masa duka biyun.