Matashin Kai da Barcin Mai Juna Biyu

Idan ciki ya kai wata bakwai ko takwas, dare kan fi rana wahala ga mace. Kwanciya rub da ciki ta riga ta gagara, kwanciya rigingine tana sa numfashi ya yi nauyi, idan kuwa aka juya gefe sai ƙugu ya yi ta tsami kafin asuba. Ga fitsari da ke tayar da ita sau biyu ko uku, ga ƙwannafi, ga kuma ɗan da ke ciki wanda sau da yawa ba a jin motsinsa sosai sai uwa ta natsu. Wannan ne ya sa aka ƙera wasu matasan kai na musamman domin masu juna biyu, waɗanda yanzu ake gani a manyan kantuna. Akwai dogo mai siffar harafin U da ke kewaye jiki gaba da baya, akwai mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, akwai kuma ƙarami mai kauri a gefe ɗaya da siranta a ɗaya gefen, wanda ake cusawa ƙarƙashin ciki. Wasu na ɗaukar su a matsayin yayi da ɓarnar kuɗi. Amma a bayan lamarin akwai ilmin halittar jiki, kuma wani ɓangarensa ya shafi ran jaririn kansa.

Nauyi da gaɓoɓi

Mahaifar macen da ba ta da ciki ba ta wuce giram 70 ba. Lokacin haihuwa kuwa takan kai kilo ɗaya, ban da nauyin jariri da mabiyiya da ruwan da jaririn ke ciki. Duk wannan kaya a gaban jiki yake, don haka dole mace ta ƙara gantsarewa idan tana tsaye domin kada nauyin ya rinjaye ta. A shekarar 2007 Katherine Whitcome da abokan aikinta suka nuna cewa lanƙwasar ƙasan gadon baya ta mata ta ƙunshi ƙasusuwa uku, ta maza kuwa biyu, watau halittar mace ta zo da shirin ɗaukar wannan nauyi. Sai dai shiri bai hana gajiya ba. Tsokar baya tana wuni tana aiki, da dare kuma tana bukatar a sauke mata.

A lokaci guda kuma jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan ƙugu suna saki. Daga cikin sinadaran jiki da ke da hannu a wannan akwai wanda ake kira rilaksin, wanda masanin dabbobi Frederick Hisaw ya gano a shekarar 1926 yana bincike a kan ɓeran Masar. Sakin yana da amfani ranar naƙuda, domin hanya ta ƙara buɗewa, amma kafin ranar yana barin gaɓoɓin ƙugu da rauni. Idan mace ta kwanta a gefe ba tare da tallafi ba, ƙafar da ke sama sai ta zame gaba ta sauka kan katifa, ta ja cinya, cinya ta murɗa ƙugu, ƙugu kuma ya murɗa ƙashin baya. Ciki ma yana rinjaya ƙasa yana jan jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa. Haka jiki zai kwana a murɗe na sa'o'i.

Aikin matashin kai a nan mai sauƙin fahimta ne. Wanda aka sa tsakanin gwiwoyi, musamman idan ya kai har idon sawu, yana ɗaga cinyar sama ta daidaita da ƙugu. Wanda aka cusa ƙarƙashin ciki yana karɓar nauyin da da jijiyoyi ne za su kwana da shi. An gwada irin na biyun a ƙasar Ostareliya a shekarar 1989 a kan mata 92 masu tsohon ciki, inda kowace ta yi amfani da ƙaramin matashin da aka ƙera domin tallafar ciki na wani lokaci, sa'an nan ta yi amfani da na yau da kullum. Sun ba da rahoton cewa ciwon baya ya fi sauƙi, barci kuma ya fi daɗi da na musamman ɗin. Gwajin ƙarami ne, kuma abin da matan suka faɗa da bakinsu aka dogara da shi, amma ya dace da abin da hankali zai ɗauka.

Jijiyar da ke ƙarƙashin mahaifa

Babbar magana ba ta ciwon baya ba ce, ta jini ce. A jikin kowane mutum akwai manyan hanyoyin jini biyu da ke kwance a gaban ƙashin baya. Ta ɓangaren hagu, wadda ake kira awota, ita ke kai jini daga zuciya zuwa ƙasan jiki. Bangonta mai kauri ne, jinin cikinta kuma da ƙarfi yake tafiya. Ta ɓangaren dama, wadda masana ke kira bena kaba, ita ke mayar da jinin ƙafafu da ƙugu zuwa zuciya. Bangonta siriri ne, jinin cikinta kuma a hankali yake gudana, don haka matsi kaɗan ya isa ya lotsa ta. Idan mai tsohon ciki ta kwanta rigingine, mahaifa da duk abin da ke cikinta a kan wannan jijiya suke sauka, kamar mutum ya taka robar ban ruwa.

Zuciya ba ta iya tura jinin da bai iso mata ba. Idan abin da ke dawowa ya ragu, abin da ke fita ma zai ragu, alhali kuwa a ƙarshen ciki mahaifa kaɗai tana bukatar fiye da rabin lita na jini a kowane minti ɗaya. Ta wannan jini ne mabiyiya ke samo wa jariri iskar oksijin da abinci.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A shekarar 1953 Howard da Goodson da Mengert a Amurka suka bayyana cewa kimanin mace ɗaya cikin goma masu tsohon ciki, idan ta kwanta rigingine, bugun jininta kan faɗi, ta ji jiri da tashin zuciya da gumi, da zarar ta juya gefe kuma abin ya wuce. A 1964 Kerr da Scott da Samuel a birnin Edinbara suka ɗauki hoton jijiyar, suka ga cewa a yawancin matan da suka duba kusan toshewa take yi gaba ɗaya idan suna rigingine, har da waɗanda ba su jin komai. Dalilin rashin jin komai shi ne jiki yana da ƙananan hanyoyin ratse a gefen ƙashin baya, musamman jijiyar azigos, waɗanda jini ke bi ya kewaye wurin da aka danne. Wani bincike da aka yi da na'urar hoto ta maganaɗisu a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, aka buga a 2019, ya auna abin: a kwanciyar rigingine jinin da ke bi ta bena kaba ya ragu da kimanin kashi 85 cikin ɗari, na azigos ya ninka fiye da sau uku, amma duk da haka jinin da zuciya ke turawa ya ragu da kimanin kashi 16. Ratsen yana taimakawa, bai dai cike giɓin duka ba. Wannan ne ma ya sa a ɗakin tiyata aka saba ɗan karkata mai juna biyu zuwa hagu.

Abin mamaki shi ne an shafe shekaru fiye da hamsin ana kiyaye wannan ka'ida a gadon asibiti, kafin a tambayi abin da ke faruwa a gadon gida, inda mace ke kwana sa'o'i bakwai ko takwas kullum. A shekarar 2011 Tomasina Stacey da abokan aikinta a Okland suka kwatanta mata 155 da 'ya'yansu suka mutu a ciki a watannin ƙarshe da wasu 310 masu ciki lafiya, suka ga alaƙa tsakanin yanayin kwanciya da wannan rashi. Bincike ya biyo baya a Ostareliya da Ingila. A asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Akra ta ƙasar Gana ma, wani bincike na 2013 ya sami alaƙa tsakanin kwanciya rigingine da haihuwar jariri marar nauyi ko marar rai. A 2019 Robin Cronin da abokan aikinta suka haɗa bayanan mata 851 da suka yi rashi da 2,257 da ba su yi ba, suka sami cewa shiga barci a rigingine bayan mako 28 yana tare da haɗarin da ya ninka kimanin sau biyu da rabi. A kan irin waɗannan hujjoji ne hukumar NICE, mai tsara ka'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta ba da shawara a 2021 cewa mace ta guji shiga barci a rigingine bayan mako 28, ta kuma yi amfani da matasan kai domin su riƙe ta a gefe.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da natsuwa. Binciken ya dogara ne da tunawar mata bayan abin ya faru, kuma alaƙa ba ita ce tabbacin sanadi ba. Ninkin ma a kan ƙaramin adadi yake: a binciken Okland, maganar kusan 2 cikin 1,000 ce ta koma kusan 4 cikin 1,000. Wani babban bincike a Amurka da ya bi mata fiye da 8,000 bai ga illar yanayin kwanciya ba har zuwa mako 30, abin da ke nuna cewa mai ƙaramin ciki ba ta da dalilin damuwa. Haka kuma gwajin wata ɗamara mai hana juyawa rigingine da aka yi a Korle Bu, aka buga a 2019, bai nuna bambanci mai ƙarfi a nauyin jarirai ba. Fassarar da ta fi dacewa ita ce jariri mai lafiya yana jure ragin jini na ɗan lokaci, wanda mabiyiyarsa ta riga ta raunana kuwa shi ne abin kan iya yi wa yawa. Matsalar ita ce uwa ba ta da hanyar sanin wanne take ɗauke da shi, juyawa gefe kuma ba ya cin ko kwabo.

Dama ko hagu

An daɗe ana gaya wa mata cewa lallai sai hagu, tun da jijiyar da ake gudun dannewa a dama take. Wannan yakan sa wasu cikin ruɗu, musamman a gidajen Musulmi inda aka tarbiyyantu da kwanciya a gefen dama. Binciken Cronin bai sami bambanci tsakanin dama da hagu ba. Rigingine ce kawai ta fita daban. Saboda haka wadda ta saba da dama ta ci gaba da abinta, kuma sauya gefe cikin dare yana hutar da ƙugu. Inda hagu ta ɗan fi shi ne wajen ƙwannafi, domin yadda tumbi yake zaune yana sa ruwan tsaminsa ya fi saurin hawowa maƙogwaro idan an kwanta a dama.

Wadda ta farka ta sami kanta a rigingine kada ta firgita. Kowa yana juyi cikin barci, kuma abin da masu bincike suka auna shi ne yanayin da aka shiga barci da shi, domin a kansa aka fi daɗewa. Ta juya gefe kawai ta koma barcinta. Ka'idar ta haɗa da ƙailula.

A nan ne matashin da ke bayan mace yake da muhimmanci fiye da sauran. Idan aka dafa shi sosai daga kafaɗa zuwa ƙugu, ko ta juya cikin barci ba za ta kwanta ɗai-ɗai a bayanta ba, a karkace za ta tsaya. Dogon nan mai siffar U yana yin wannan aiki a ɓangarori biyu, ba sai an tashi ana jan kaya ba duk lokacin da aka sauya gefe, kuma wannan ita ce fa'idarsa ta gaskiya. Amma matasan kai uku na gida, ɗaya a baya, ɗaya tsakanin gwiwoyi, da zane ko tawul da aka naɗe a ƙarƙashin ciki, suna yin abin da yake yi. A lokacin bazara ma suna iya finsa, domin babban matashi mai cikin soso ko zaren roba yana riƙe zafi, mai juna biyu kuwa dama jikinta ya fi na kowa ɗumi. Wanda aka cusa da audugar rimi, aka sa masa riga ta auduga, ya fi sanyi, kuma ana iya rage ko ƙara cikinsa har tsayin ya dace. Akwai kuma batun gidan sauro: matashin da ya cika gado har ya tura hannu ko ƙafa jikin raga, ko ya zare bakinta daga ƙarƙashin katifa, ya buɗe ƙofa ga zazzaɓin cizon sauro, wanda haɗarinsa ga ciki ya fi na rigingine nesa ba kusa ba.

Ga mai fama da ƙwannafi ko toshewar numfashi, tara matasai ƙarƙashin kai kaɗai lanƙwasa wuya yake yi. Abin da ake so shi ne a ɗaga jiki tun daga ƙirji, ko a sa katako ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ita kuma tana nan a gefenta.

Akwai abubuwan da ba na matashin kai ba ne. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwar jarirai marasa rai a duniya, kuma manyan dalilan su ne hawan jini, da zazzaɓin cizon sauro, da cututtukan da awon ciki ke ganowa, da doguwar naƙuda. Raguwar motsin jariri, ko ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko zubar jini, duk na zuwa asibiti ne a ranar, ba a jira gari ya waye a gani. Sabon minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci ma ya kamata a faɗa wa ma'aikatan awo, domin yana da alaƙa da hawan jini na masu ciki.

Bayan haihuwa mata da yawa kan ci gaba da amfani da dogon matashin wajen tallafar hannu lokacin shayarwa, kuma babu laifi muddin uwa tana farke. Sai dai ba wurin barcin jariri ba ne. Shi jariri a rigingine ake kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai ƙarfi wadda ba ta lotsawa, babu matashi ko tarin zannuwa kusa da fuskarsa.