GARANTIN GIDA A AMURKA: IDAN INJIN KWAMIN NINƘAYA YA LALACE, WA ZAI BIYA?

A jihohin Amurka masu zafin rana, kamar Fulorida da Arizona da Kalifoniya da Teksas, gidaje da yawa suna da kwamin ninƙaya a bayansu. Baƙo yakan ga ruwa garau yana walƙiya, ya ɗauka haka yake zama da kansa. Alhali kuwa a gefe guda akwai injuna da ke aiki sa'o'i masu yawa kowace rana domin ruwan ya zauna da tsabta. Ranar da ɗayansu ya tsaya, mai gida yakan ɗauko wata takarda da ake kira garantin gida, ya duba ko za ta ɗauke masa kuɗin gyara. Sau da yawa a ranar ne yake fara sanin abin da ya saya.

AIKIN INJUNAN

Injin tura ruwa shi ne babba. Yana zuƙo ruwa daga saman kwami da ƙasansa, ya tura shi cikin mataci, wanda galibi yashi ne ko wani ƙyalle mai ninki a cikinsa. Daga nan ruwan yakan bi ta cikin na'urar ɗumama ruwa, idan akwai ta, da na'urar zuba sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan ya koma kwami. Idan injin ya tsaya da bazara, cikin 'yan kwanaki gansakuka takan mayar da ruwan kore, sauro kuma ya sami wurin ƙwai.

An ga haka a 2007 da 2008, lokacin da dubban mutane suka kasa biyan bashin gidajensu suka fita suka bar su. Kwamayen da aka bari ba kulawa suka zama matattarar sauro. A yankin Bakersfield na Kalifoniya masu bincike sun danganta ƙaruwar zazzaɓin West Nile na 2007 da irin waɗannan kwamaye, ma'aikatan yaƙi da sauro kuma suka riƙa zuba ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro a cikinsu. Watau lalacewar inji ɗaya tana iya shafar lafiyar unguwa. Gyara kuwa yana da tsada: sabon injin tura ruwa tare da ladan ɗaurawa yakan haura dala 1,000, na'urar ɗumama ruwa kuma ta fi haka.

MENE NE GARANTIN GIDA?

Garantin gida yarjejeniya ce, yawanci ta shekara ɗaya, tsakanin mai gida da wani kamfani. Mai gida yana biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kamfani kuma ya yi alkawarin gyara ko sauya kayan gida irin su firiji da na'urar sanyaya ɗaki da wayoyin lantarki, idan sun lalace saboda tsufa da yawan aiki. Kamfanin American Home Shield, wanda aka kafa a 1971, shi ne ake ɗauka a matsayin wanda ya fara wannan sana'a. Tun 2018 yana ƙarƙashin kamfanin Frontdoor mai hedkwata a Memphis, jihar Tenesi. Sau da yawa mai sayar da gida ne yake biya wa mai saye kuɗin shekarar farko domin ya kwantar masa da hankali.

Wajibi ne a bambanta shi da abubuwa biyu. Inshorar gida tana biyan ɓarnar da ta auku farat ɗaya, kamar gobara ko guguwa, ba ruwanta da injin da ya tsufa ya mutu. Garantin masana'anta kuwa yana zuwa ne tare da sabon kaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. A ƙarƙashin dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975, abin da aka biya kuɗinsa daban kwangilar gyara ce, ko da masu talla sun kira ta garanti. Jihohi ne ke sa ido a kan kamfanonin. A Kalifoniya da Fulorida hukumomin inshora ne ke yin haka, a Teksas kuma an mayar da aikin ga ma'aikatar ba da lasisi ta jihar a 2021.

ABIN DA TA ƘUNSA DA ABIN DA TA BARI

Kwamin ninƙaya ba ya cikin yarjejeniya ta asali. Sai mai gida ya nema, ya biya ƙarin kuɗi, sa'an nan a saka shi. Ko an saka, abin da kamfani yakan ɗauka shi ne injunan da ke bisa ƙasa waɗanda mai gyara zai iya kai hannu gare su: injin tura ruwa, da mataci, da na'urar ɗumama ruwa, da bututu da wayoyin da ke fili.

Shi kansa kwamin yana waje. Idan bangonsa ya tsage, ko robar da aka shimfiɗa a cikinsa ta yage, ko bututun da ke binne a ƙasa ya fara yoyo, mai gida ne zai ji da abinsa, ga shi kuwa waɗannan ne gyare-gyaren da suka fi cin kuɗi. Haka nan galibin kamfanoni sukan cire fitilun cikin ruwa, da na'urar shara mai yawo a ƙasan kwami, da injunan ƙawa masu feso ruwa. Kwamin da ke aiki da ruwan gishiri yana da na'ura ta musamman mai samar da kulorin, wasu kamfanoni ba sa ɗaukarta sai da ƙarin kuɗi.

Bayan wannan akwai sharuɗɗa uku da suka shafi aljihu. Na ɗaya, duk lokacin da aka kira mai gyara sai mai gida ya biya kuɗin zuwa, yawanci tsakanin dala 75 da 125, ko an amince da gyaran ko an ƙi. Na biyu, akwai iyakar abin da kamfani zai kashe a kan kwami cikin shekara, abin da ya haura kuwa na mai gida ne. Na uku, sabon mai shiga yakan jira kwana 30 kafin yarjejeniya ta fara aiki, domin kada wani ya shiga da injin da ya riga ya mutu. Kamfani ne kuma yake zaɓen mai gyara, shi ne yake yanke shawarar ko a gyara ko a sauya.

INDA RIGIMA TAKE TASHI

Yawancin gardama tana kan dalilin lalacewa ne. Mai gida zai ce tsufa ne, kamfani ya ce sakaci ne, ko kuma laifin ya girmi yarjejeniya. A 2015 kamfanin Choice Home Warranty ya amince ya biya kusan dala 780,000 domin sasanta ƙarar da hukumomin jihar New Jersey suka shigar. Cikin zarge-zargen da aka yi masa akwai cewa yana ƙin biya idan mai gida ya kasa kawo takardun shaidar kula da kayansa na shekarun baya.

Yanayi ma yakan kawo tasa. A watan Fabrairu na 2021 sanyi mai tsanani ya sauka a Teksas, wutar lantarki ta ɗauke na kwanaki. Injunan da aka saba bari suna juya ruwa domin kada ya daskare suka tsaya, ruwa ya zama ƙanƙara a cikinsu ya fasa matata da bututu. Galibin takardun garanti sun cire ɓarnar ƙanƙara, tunda ba tsufa ba ce, takardar inshorar gida da aka saba da ita kuma ta cire ɓarnar da daskarewa ta yi wa kwami.

Har ila yau, daga ran 19 ga watan Yuli, 2021, ƙa'idar Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fara aiki a kan injunan kwami, wadda ta sa galibin manyan injuna sababbi suka zama masu sauya gudu domin rage cin wuta. Sun fi tsofaffin tsada. Saboda haka wanda tsohon injinsa ya mutu yana iya tarar da cewa iyakar da kamfani ya sa ba ta kai kuɗin sabon ba, sai ya cika daga aljihunsa.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi gida mai kwami kuma ya san injunansa za su tsufa. Yarjejeniyar takan amfani mai tsofaffin injuna wanda ba shi da ajiyar ko-ta-kwana, muddin yana wanke mataci a kan kari, yana adana rasiɗin kowane gyara. Mai sababbin injuna kuwa, waɗanda garantin masana'anta bai ƙare a kansu ba, zai iya biyan kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya. Kafin ya sa hannu, ya kamata ya karanta shafin abubuwan da aka cire, ya haɗa kuɗin shekara da kuɗin kiran mai gyara, ya gwada su da iyakar da kamfani ya ce zai biya.