Ka Canja Firosesa, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Daga Ina Za Ka Fara Bincike?

Ka tara kuɗinka ka sayo sabuwar firosesa don kwamfutarka ta tebur ta ƙara sauri. Ka kwance, ka cire tsohuwar, ka saka sabuwar, ka mayar da murfi. Da ka danna maɓallin kunnawa sai fanka ta hau juyawa, fitilu suka kama, amma sikirin baƙi ƙirin. Ko kuma ta yi ɗan motsi na daƙiƙa biyu ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. A nan gaban mutum yake faɗuwa, ya fara lissafin asara: kuɗin firosesa, kuɗin madabod, ga kuma ayyukan da ke cikin kwamfutar.

To, kwantar da hankalinka tukuna. Firosesa ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Sau da yawa matsalar waya ce da aka manta ba a mayar ba, ko RAM da ya goce, ko madabod da bai gane baƙuwar da aka kawo masa ba. Idan ka san abin da ke faruwa a daƙiƙun farko bayan ka danna maɓalli, za ka iya gane inda tafiyar ta tsaya.

Me ke faruwa kafin ka ga komai a sikirin?

Da ka danna maɓalli, madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa, yana umartar akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ya saki wuta. Cikin kamar rabin daƙiƙa, idan wutar ta daidaita, sai fawa-fak ya aiko da alamar cewa komai lafiya. Sai a lokacin firosesa take farkawa.

Abu na farko da take karantawa ba Windows ba ne. Wata 'yar manhaja ce da ke cikin wani ƙaramin guntu a jikin madabod, ita ce BIOS, ko UEFI a kwamfutocin yanzu. Wannan manhaja ce ke gudanar da gwajin farko da ake kira POST: ta saita firosesa, ta tada RAM, ta nemo abin da zai fitar da hoto, daga ƙarshe ta nemo ma'adanar da Windows ko Linux ke ciki ta miƙa masa ragama.

Matakan nan a jere suke, kuma na baya ba ya farawa sai na gabansa ya kammala. Saboda haka juyawar fanka ba ta nuna cewa firosesa na aiki. Tana nuna wuta ta shigo, shi ke nan.

Kafin ka saka hannu

Zare fulogi daga bango, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta zube. Taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ka taɓa kayan ciki, musamman lokacin hunturu. Busasshiyar iska ce ke sa lantarki ya taru a jikin mutum, irin wanda ke ɗan fizgarka idan ka taɓa ƙofar mota, kuma ɗan wannan tartsatsin yana iya lalata guntun lantarki. Fawa-fak kuwa kada ka buɗe cikinsa ko kaɗan, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga bango.

Sannan ka riƙe ƙa'ida ɗaya: abu ɗaya za ka canja, ka gwada, kafin ka wuce na gaba. Idan ka taɓa abubuwa biyar a lokaci guda, ko ta tashi ba za ka san mai laifin ba.

Tambayi kwamfutar inda ta tsaya

Madabod da yawa na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu, galibi kusa da babban fulogin wuta, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a gefensu. Suna kamawa ɗaya bayan ɗaya yayin gwaji, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Tsofaffin kwamfutoci da ƙara suke magana, ɗit-ɗit ta wata 'yar lasifika. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka littafin madabod ɗinka za ka duba.

Idan akwai 'yar lasifikar, ga wata dabara: cire RAM gaba ɗaya ka kunna. In ka ji ƙarar ƙorafi, albishirinka, firosesa na da rai, tunda har ta karanta BIOS ta lura babu RAM. In kuwa shiru, hankalinka ya koma kan wuta, soket da dacewar firosesa.

Fara da abubuwa masu sauƙi

Madabod na karɓar wuta ta hanya biyu. Akwai babban fulogi mai ƙafa 24, akwai kuma ƙarami mai ƙafa 4 ko 8 a can sama kusa da firosesa, wanda shi ke ba ta bolt 12 da take aiki da shi. Wannan ƙaramin ne ake yawan zarewa don a samu wurin kwance fanka, sai a manta da shi. Ba tare da shi ba fanka na iya juyawa, amma firosesa ba za ta motsa ba. Ka kula kada ka rikita shi da na katin hoto: na firosesa yana rabuwa 4 da 4, na katin hoto kuma 6 da 2, kuma tsarin wayoyinsu ba ɗaya ba ne.

Sai RAM. Hannu na iya ture shi ba ka sani ba. Cire duka, ka mayar da guda ɗaya a ramin da littafin ya ce a fara da shi, ka danna har maƙallan su kama. Kuma ka ba ta lokaci. A tashin farko bayan canjin firosesa, madabod yana sake gwada saurin da zai yi magana da RAM, kuma idan DDR5 ne hakan na iya ɗaukar mintoci ana kallon baƙin sikirin. Mai gaggawa sai ya kashe ta a tsakiyar aikin, ya ce ta lalace.

Na uku, a ina ka soka wayar monita? Ba kowace firosesa ce ke da sashen fitar da hoto a cikinta ba. Na Intel masu harafin F a ƙarshe, irin su Core i5-9400F da i5-12400F, ba su da shi. A ɓangaren AMD masu soket AM4, Ryzen 5 3600 da 5600X ba su da shi, amma 5600G tana da shi. Idan tsohuwarka na da shi sabuwar kuma babu, ramin HDMI na jikin madabod ya zama hoto kawai. Kwamfutar ƙalau take, katin hoto take buƙata, kuma a jikinsa za ka soka wayar.

Na huɗu, goge tsohon saitin BIOS, wanda aka yi shi don tsohuwar firosesa. Bayan ka zare fulogi, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, ka bar shi kamar minti biyar a waje, ka mayar. Wasu madabod suna da maɓalli ko ƙafafu biyu da aka rubuta wa CLR_CMOS don wannan aikin.

Shiga rami ba shi ne dacewa ba

Nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Firosesa na iya zama daram a cikin soket amma madabod bai san ta ba. Dalili kuwa, BIOS na ɗauke da bayanan da yake tada kowane jinsin firosesa da su. Idan an rubuta shi kafin a ƙera taka, ba shi da abin da zai ce mata.

Soket AM4 na AMD misali ne mai kyau. Ryzen na farko sun fito a 2017, jerin 5000 kuma a ƙarshen 2020, duk a soket ɗaya. Madabod B450 mai tsohon BIOS ba zai tada Ryzen 5 5600X ba sai an sabunta shi. Haka madabod masu cifset jerin 600 na Intel, masu soket LGA1700: da tsara ta 12 suka fito, kuma suna buƙatar sabon BIOS kafin su karɓi ta 13 ko ta 14.

Akwai kuma inda sabuntawa ba ta magani. Soket LGA1151 ya ɗauki tsara ta 6 da ta 7 a kan cifset irin su H110 da B250. Tsara ta 8 da ta 9 ma sunan soket ɗinsu ke nan, kuma suna shiga ramin tsaf, amma Intel ta keɓe su ga cifset jerin 300, irin su H310, B360 da Z390. Wannan tarkon ya fi kama mutane yanzu, tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga tsara ta 8 yake farawa, in ban da 'yan kaɗan. Mai Core i5-6500 sai ya sayo i5-8400 yana ganin ya huta, alhali madabod ɗin ma sai an canja.

Idan kwamfutarka irin ta ofis ce ta HP, Dell ko Lenovo, waɗanda ake shigowa da su na hannu suka cika kasuwanninmu, ka ƙara lura. BIOS ɗinsu yakan karɓi firosesocin da aka tsara wa wannan samfurin ne kawai, kuma ƙananan cikinsu ba sa ɗaukar firosesa mai cin wuta da yawa. Nemi lambar samfurin, ka shiga shafin kamfanin ka duba jerin firosesocin da yake karɓa da lambar BIOS da kowacce ke buƙata.

Yadda ake sabunta BIOS

Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da tsohuwar firosesa, ka sabunta, sannan ka sake saka sabuwar. Shi ya sa ba a sayar da tsohuwar sai sabuwar ta tashi. Wasu madabod kuma suna iya sabunta kansu daga filas ko babu firosesa a ciki: ASUS na kiran tsarin USB BIOS Flashback, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Ana buƙatar filas mai tsarin FAT32, da fayil ɗin ainihin samfurinka da aka sa wa sunan da littafin ya faɗa, a kuma soka shi a ramin USB da aka ware.

Kada ka fara wannan aikin da wutar NEPA kaɗai. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod na iya ƙin tashi kwata-kwata. Haɗa da UPS ko inbata mai caji, kuma kada ka taɓa komai sai ya gama.

Duba soket da fanka

Idan duk wannan bai yi ba, ciro firosesar ka duba da tocila. A soket ɗin Intel da AM5, 'yan alluran da ke haɗa ta da madabod a cikin soket suke. A AM4 kuwa a jikin firosesar suke, guda 1331. Karkata hasken ta gefe: allurar da ta lanƙwashe za ta yi ƙyalli daban da sauran. Guda ɗaya tak na iya hana tashi, ko ta sa ramin RAM ɗaya ya daina aiki, domin sashen da ke sarrafa RAM a cikin firosesa yake. Wajen mayarwa, daidaita ɗan alwatikan da ke kusurwarta da na soket. Da kanta take zama, in sai ka danna to akwai kuskure.

Idan kwamfutar na tashi ta mutu bayan ɗan lokaci, zargi zafi. Firosesa na rage gudu idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyos, in zafin ya ci gaba ta kashe kanta. Duba ko ka ɓare ledar da ke ƙasan sabon ƙarfen sanyaya, ko ka shafa sabon man da ke isar da zafi, kamar girman ƙwayar wake, ko kuma wayar fanka na kan CPU_FAN. Ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta, domin matsi ta gefe ɗaya na iya hana wasu allurai taɓawa.

Ta nuna hoto, amma Windows ya ƙi shiga

Ka ci rabin yaƙi, sai dai a nan ne bayananka ke cikin haɗari. A kwamfutocin AMD kana iya ganin saƙo cewa an saka sabuwar firosesa, ka danna Y don goge fTPM ko N don barin sa. Dakata. A wannan sashen ake ajiye mabuɗan sirri, kuma idan BitLocker na kulle da ma'adanarka, Windows zai nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Nemo ta tukuna, galibi tana cikin asusunka na Microsoft. In ba ka same ta ba, danna N, ka mayar da tsohuwar firosesa, ka dakatar da BitLocker ko ka kwafi lambar, sannan ka sake canjin.

Goge saitin BIOS ma na iya sauya jerin ma'adanar da ake fara dubawa, ko ya juya saitin SATA tsakanin AHCI da RAID, ko na UEFI da CSM. Mayar da su yadda suke a da kafin ka yi tunanin sake ɗora Windows.

Gwajin da ke raba gardama

Mayar da tsohuwar firosesa. Idan ta tashi, madabod, RAM da fawa-fak lafiyarsu lau, saura BIOS, rashin dacewa, ko sabuwar ce matacciya. Sai ka gwada ta a wani madabod da aka tabbatar yana karɓarta kafin wa'adin mayarwa ya wuce. Idan tsohuwar ma ta ƙi, wani abu ya taɓu lokacin aikin, kuma soket da wayoyin wuta ne farkon abin zargi. Allura da ta lanƙwashe a cikin soket aikin mai gyara ne mai madubin ƙara girma, kada ka sa mata tsinke.

In kuwa ba ka riga ka saya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Duba jerin firosesocin da madabod ɗinka ke karɓa, sabunta BIOS tun tsohuwar na ciki, adana lambar BitLocker, ka ɗauki hoton wayoyi da saitin BIOS da wayarka kafin ka kwance sukuru na farko. Idan ta hannu za ka saya, ka ce a gwada maka ita a gabanka kafin ka biya.