Yadda ake koyon aikin makullin mota

Makullin motar zamani na ɗauke da wata 'yar ƙaramar na'ura a cikin kansa. Idan aka murɗa shi, kwamfutar motar sai ta tantance lambar sirrin da ke ciki kafin ta bar inji ya tashi. Tun 1998 dokar Jamus da Birtaniya ta tilasta sanya wannan tsaro a sababbin motoci, shi ya sa yanka ƙarfe kaɗai ba ya isa.

Mai koyo yakan fara a hannun maigida da yanka makulli da kwance makullin ƙofa da na sitiyari ba tare da ɓarna ba. Sai ya koma fannin waya da lantarki, wanda nan ne da yawa ke sarewa. Zai koyi jona na'urar bincike a kafar OBD-II mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya shigar da sabon makulli ko ya goge wanda ya ɓata. Motocin da ke shigowa Najeriya daga Amurka rimot ɗinsu yawanci na aiki a kan 315 MHz, na Turai kuwa 433 MHz. Wanda bai san wannan ba zai sayi kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ya yi asara.

Kayan aikin na da tsada, kuma manhajarsu na bukatar sabuntawa. Maigida nagari ba ya yaye yaro sai ya saba da neman takardun mota da katin shaida kafin ya taɓa ta, domin hannun da ke taimakon mai mota shi ne ɓarawo ke nema.